Takalmin Ƙanƙara a Dajin Ƙarangiya

An gama girbi, ciyawa ta bushe, kuma a makon nan motocin 'yan farauta sun soma fita da asuba, mutane da karnuka a cakuɗe, ganga na tashi. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne abin da ke ƙafafunsu. Rabin tawagar silifas ɗin wanka ne, wannan tsohon ciwo ne, za mu zo kansa. Sabon ciwon shi ne ɗaya rabin, samarin da suka ɗan samu canji suka faɗa layin 'yan gwanjo a kasuwar Ƙofar Wambai, suka fito da takalman da aka ɗinka wa masu share ƙanƙara a Kanada ko masu aikin gini a Jamus: wuya har ƙwauri, baki da ƙarfe, ciki kuma shimfiɗe da gashi. Wai a cikin wannan za a fafari zomo.

Laifin yana farawa ne tun wurin ciniki, domin mu da hannu muke sayen takalmi. Mai kaya zai miƙo ƙafa ɗaya ya ce, "Maigida ɗaga ka ji, wannan na asali ne, ba ɗan Chaina ba." Maigida ya karɓa ya jinjina shi sama da ƙasa kamar mai tayin kaza, ya ƙwanƙwasa bakin da makullin babur, ya ji ƙwas, ya dubi abokinsa ya gyaɗa kai. Shi ma abokin sai an ba shi ya jinjina, don kada a ce bai sa albarka ba. Idan takalmin ya yi yawa, mai kaya ya ce a cusa tsumma. Idan ya matse, ya ce zai saki. Ƙafar da za ta yini tana jan wannan kaya, ita kaɗai ce ba a nemi shawararta ba. Hannu ya yanke hukunci cikin daƙiƙa biyar, ya koma ya riƙe gorarsa, ya bar ƙafa da zaman gidan kaso.

Ga shi kuwa maganar ba ta ra'ayi ba ce. Tun a 1969 masu bincike na rundunar sojan Amurka suka auna ƙarfin da jiki ke ƙonewa idan aka ɗora masa kaya a ka, ko a hannu, ko a ƙafa, suka tarar kilo ɗaya a ƙafa yana cin ƙarfin da ya kai kusan na kilo biyar a gadon baya. Dalilin a fili yake: kayan baya suna tafiya ne tare da kai, na ƙafa kuwa sai ka ɗaga su ka jefa gaba ka tsayar da su a kowane taku. To takalmin ma'aikatan gini mai bakin ƙarfe yakan kai kilo biyu idan aka haɗa ƙafa biyun, mara nauyi kuwa kilo ɗaya ne ko ƙasa da haka. Wannan kilo ɗayan da ya ƙaru, daidai yake da a goya wa mutum kwano biyu na gero tun hantsi har la'asar, a ce ya yi tsere da dabbar da ba ta taɓa sa ko safa ba. Sannan ga ƙara. Maharban da suka san sana'ar har kan burtu suke ɗaurawa a goshi, su duƙa su yi ta sanɗa don kada zabi da barewa su farga. Jikokinsu kuma sun zo da abin da ke sanar da duk fakarar da ke ƙaramar hukumar cewa an iso.

Amma duk wannan mai sauƙi ne idan aka zo kan gashin nan na ciki. An sa shi ne don ƙasar da ruwa ke daskarewa a famfo. Mu kuma farautarmu daga hunturu take ta zarce har cikin bazara, lokacin da ƙasa ke gasa tafin ƙafa ta cikin roba. Kafin azahar ƙafa ta jiƙe sharkaf da gumi, fata ta yi laushi, bororo ya ɗauri ɗamara a dunduniya. Sai kuma ƙarangiya, wadda tun da aka halicce ta ba ta taɓa samun masauki irin wannan ba. Tana maƙale wa wando, tana maƙale wa jelar kare, amma gashin takalmin Kanada gida ne da katifa. Kowane taku sai an ɗauki fasinja. Mutum ya fita neman nama, ya dawo da buhun iri. Tun da an san a shekarun yunwa mutanen yankin Sahel sun sha sussuka ƙarangiya su ci ƙwayarta, sai a yi masa adalci: a duk motar, shi kaɗai ne ya tabbata ya dawo da abinci. Kuma ba ya rowa. Zai zube kaɗan a zaure, kaɗan a tabarmar mai shayi, kaɗan a shimfiɗar yara, ta yadda damina na faɗuwa unguwa za ta ga amfanin gona. Idan akwai gaskiya, rawanin Sarkin Noma ya kamata a naɗa masa. Game da warin da ke tashi idan ya cire, abin da kawai zan ce shi ne karnukan tawaga sukan rasa inda za su sa hanci, tsakanin sawun gafiya da sawun ubangidansu.

Abin da ake nema kuwa ba wani abin mamaki ba ne. Ƙasan roba mai kaurin da ƙayar aduwa da ta bagaruwa da tsidau ba za su huda ba, amma mai lanƙwasuwa daidai inda yatsu ke lanƙwasa, da zane mai kama ƙasa. Wuya ya rufe idon sawu ya ɗan haura. Harshen a ɗinke shi da gefe biyu don kada yashi da ƙaiƙayi su sami ƙofa. Jikin ya zama fata ko yadi mai kauri da iska ke ratsawa, wanda idan an tsallaka fadama zai bushe kafin a kai gida. A gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a sa, a bar wa babban yatsa wurin motsi, kuma a yi ta yawo da shi cikin gari kafin ranar fita. A garinmu da ke da majema tun kaka da kakanni, ƙasar da fatar jar akuyarta ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta ta Maroko, bai kamata a ce baduku ya gagara ɗinka wannan ba. Sai dai idan ya ɗinka, za a jinjina a ce ba shi da nauyi, a mayar masa da abinsa.

Za a ce ai don maciji ake yi. Wannan hujja ce ta gaske, domin kububuwa ba wasa take ba, kuma asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a Jihar Gombe ba ya rabuwa da manoma da makiyaya, mafi yawansu a ƙafa aka same su. Amma abin da ke karewa shi ne fata mai kauri da ta rufe bayan ƙafa da idon sawu, da wando mai kauri a kanta. Ƙarfen baki an yi shi ne don bulo ko rodi da zai faɗo wa lebura a yatsa, kuma har yau ba a ji an yi ruwan bulo a daji ba. A nan ne ma 'yan silifas suke ba ni haushi na gaske. Mutum ya kashe dubbai a kan laya da guru da kambu, ya sayi kare da kuɗin da ya isa jarin ƙosai, ya shiga ciyawa har gwiwa da ƙafa a buɗe. In tsautsayi ya faɗa, sai a ɗaure ƙafar da roba, a yi tsaga, a ɗura masa jiƙo, a yi ta jira. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, wato kowace tsaga famfo aka buɗe. Sai dasashi ya soma zubar da jini sannan a tuna akwai asibiti da allurar maganin dafi, a nemi mota cikin dare, matarsa ta sayar da akuyarta.

Za a kuma ce mai nauyi ya fi ƙarko. Wataƙila, a ranar da ya fito daga masana'anta. Amma yawancin irin waɗannan takalma ƙasansu na wata roba ce mai kumfa wadda ke ruɓewa da kanta in ta daɗe a ajiye, ga shi kuma kafin dila ta iso nan ya yi shekaru a ɗakin wani Bature. Shi ya sa ake ganin jarumi ya dawo da saman takalmi a ƙafa, ƙasan kuma a aljihu, ko an naɗe su tare da tsohon tif na keke.

Hujja ɗaya ce na kasa rushewa, ita ce ta masallaci. Ɓarawon takalma ba ya taɓa irin wannan, domin sana'arsa ta gudu ce, kuma ya fi mai shi sanin lissafin kilo biyar. Sai dai kariyar tana da farashi. Ramukan igiya sun kai goma sha biyu a kowace ƙafa, kowane rami da ƙarangiyarsa a tsaye tana gadi. Ana tada iƙama ya zauna ya fara kwancewa, ana ruku'in raka'a ta biyu yana tsotsar yatsa, ya samu ya zare ta dama liman na tahiya. Ta hagu kuwa sai an kira yaro ya riƙe dunduniyar ya ja, shi kuma ya rungumi ginshiƙi.