Karamcin Las Vegas

A Las Vegas ta Amurka, babu masu karɓar baƙo irin masu gidajen caca. Kana zama a teburi ka miƙa katin da gidan ya ba ka, sai wani mai kwat ya matso, fuska a sake. Lissafi yake yi. Nawa kake zubawa a kowane zagaye? Awa nawa ka zauna?

Daga nan kwamfuta ta fitar da asarar da ta dace da kai. A teburin rulet mai sifiri biyu, alal misali, gida na da rinjayen kashi 5.26 cikin ɗari. A ce kana zuba dala 100, zagaye 40 a awa, har awa 4. A littafinsu ka riga ka bar musu dala 840 da 'yan kai, ko da aljihunka ya cika maƙil.

Sai su gutsuro kaɗan daga ciki su maido maka. Abinci kyauta. Ɗaki kyauta. Idan zubinka mai nauyi ne, har doguwar mota a tura maka filin jirgi. Ragon layya ma ai dusa ba ta yanke masa.

Wanda ya ci kuɗi ba a fushi da shi. Kwana ake ƙara masa a otal, kada ya kama hanya da gajiya. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa, Allah sarki, yakan ƙara zubi idan mai kwat na kallo, ya rage da ya juya baya. Burinsa a rubuta shi cikin manyan masu asara, ko ya dace da tuwon dare.