Ranar da Kwamanda Ya Nuna

A Zangon Lome babu abin da ya fi likita araha. Ka yi atishawa a ƙofar masallaci, kafin ka sa takalmi mutum uku sun rubuta maka magani: wannan ya ce tafarnuwa, wancan ya ce zuma, na ukun ya ce ka ƙara aure. Raguna, kaji, janareto, duk muna duba su kyauta. Ashe har karnuka muna dubawa, alhali rabin unguwa ba su yarda ko inuwar kare ta taɓa musu riga ba.

Kawuna dillalin motoci ne. Yana sayowa a tashar jirgin ruwan Lome ya tura Yamai da Maraɗi. Waɗanda ba su samu direba ba sai su kwana a wani fili da ya kewaye bayan gidansa a Agoe-Zongo, ba nisa da Terminal du Sahel inda manyan motocin Nijar da Burkina da Mali ke jeruwa. Da ɓarayi suka matsa wa madubai da batura, sai ya sayo kare. Ba irin namu na gida ba, wanda zai ci ƙashi ya kora da ruwan kwata ya kwana lafiya. Wani ƙato ne fari sol, jinin ƙasar Turawa, da littafin rigakafinsa har da hoto a jiki, abin da ni ɗan Adam ban mallaka ba. Aka raɗa masa suna Kwamanda.

Ranar da aka kawo shi, Hajiya matar Kawu ta ce ko ita ko shi. Kawu ya aika aka kira Malam. Malam ya gyara zama ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya ajiye kare don gadi ko kiwo ko farauta ba laifi ba ne. Ya kawo labarin Ibn Abi Zaid, mai Risala, wanda katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, da aka tuna masa cewa Imamu Malik bai so haka ba, sai ya amsa cewa da Malik ya ga wannan zamanin da zaki zai ajiye. Hajiya ta ce to a kawo zakin, ta fi yarda da shi.

Aka dai yi sulhu. Kwamanda zai zauna a kan wani dandamalin siminti a bakin filin, ba zai taka cikin gida ba, ita kuma Hajiya tana da ikon tsabtace wurin yadda ranta ke so.

A watan Yuni, damina ta kankama, Kawu ya tafi Maraɗi biki. Da zai shiga mota ya ce mini: “Ɗana, ga Kwamanda, ga motoci, ga gida.” A haka ya jero su. Ni kuwa a gidansa nake ci, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wata safiya ina shan koko maigadi ya faɗo ba ko sallama.

“Taso ka gani, karen nan ya nuna!”

Na je na tarar da Kwamanda kwance rigingine. Cikinsa, inda gashi bai yi yawa ba, ya yi jawur tun daga hammata har cinyoyi, ga ƙananan ƙuraje sun feso. Tsakanin yatsunsa ma ja. Sai ya lashi ƙafa, ya ciji cinya, ya mirgina ya ja ciki a kan yashi yana wani kuka siriri, wanda da ɓarayi za su ji da sun dawo a daren da buhu. Daren jiya lafiya lau muka rabu.

Kafin in yi tunanin abin yi, fili ya cika. Mai shayi ne ya fara bayar da fatawa, daga nesa, hannunsa riƙe da matata.

“Haukan kare ne. Haka yake farawa.”

Bai rufe baki ba Kwamanda ya yi atishawa. Wallahi ban taɓa sanin dattawan Zango na da irin wannan lafiyar ba. Wani ya haura katanga da babbar riga. Maigadi, wanda ake biya don ya tsare mu, shi ya riga kowa fita. Shi kuwa mai shayin sai ga shi tsaye a kan rufin wata mota da aka riga aka sayar wa wani Alhaji a Yamai, rufin ya lotsa a ƙarƙashinsa.

Da aka ga karen bai bi kowa ba, sai likitoci suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Bakanike ya ce ƙazuwa ce, a shafe shi da baƙin mai tun daga hanci har wutsiya, shi da kansa zai kawo galan guda kyauta. Mahauci ya ce manja da kanwa. Inna mai koko ta ce kambun baka ne, don kare fari irin wannan ba a barinsa a idon jama'a. Wani ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, da ya tsaya kallo ya ce in hau ya kai ni kasuwar bokaye ta Akodessewa. Yaro mai tallar magani a faranti ya ce farasitamol biyu da safe biyu da dare, in bai ji sauƙi ba a ƙara masa na ciwon baya.

Baƙin man ne ya fi samun ƙuri'a. Har an tafi ɗauko galan sai wayata ta yi ƙara. Kawu ne, kiran bidiyo ta WhatsApp.

“Ina Kwamanda?”

“Kawu, ina kwana? Ya biki?”

“Lafiya. Ina Kwamanda?”

Na juya wayar na nuna masa wutsiya, don ita kaɗai ta rage fara. Sai ga muryar Hajiya daga bayan katanga, cike da jin daɗi: “Alhaji, ɗan lelenka fa ya sake launi!” Kawu ya ce in ɗaga wayar. Ya yi shiru. Sannan ya ce duk wanda ya shafa wa karensa wani abu, shi zai shanye ragowar, kuma in kai shi wurin likitan dabbobi yanzu-yanzu.

Faɗa da baki ba wuya. Tun da gwamnati ta rushe tsohon Zango na tsakiyar gari a 1977 ta kwaso iyayenmu zuwa wajen Togblekope, kusan kilomita 15 arewa da birni, duk abin da ɗan Zango ke nema sai ya hau titi. 'Yan zemijan suka ce kare ba fasinja ba ne. Mai tasi na farko ya leƙo ya ga cikin Kwamanda ya ƙara wuta. Na biyu ya ce zai ɗauke mu, amma in biya kuɗin kujeru duka da na wankin mota. Daga ƙarshe wani mai babur mai ƙafa uku da ya sauke gawayi ya yarda a kan jika biyu. Na hau baya na zauna a kan buhu, na rungume Kwamanda don kada ya yi tsalle.

Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya taɓa zama da iyayenmu har ya wallafa littafi a 1983 kan fataucin 'yan Zangon Lome. Na tabbata duk zamansa bai ga ɗan Zango rungume da kare a bayan babur ba. Mutanen unguwarmu kam sun gani. Kuma da yake hanya ɗaya ce, sai da muka bi ta gaban majalisar da mahaifin yarinyar da nake nema ke zama. Na sunkuyar da kai bayan kunnen Kwamanda. Dattijon ya ɗaga hannu ya ce, “Sannu da kiwo, yaro.”

Likitar wata matashiya ce 'yar ƙabilar Ewe, Faransanci a bakinta kamar ruwa, ni kuma nawa na cinikin mota ne. Ba ta fara da cikin ba. Bakinsa ta buɗe ta duba dasashi, ta shafa fuskarsa da wuyansa, ta saurari numfashi. Ta ce abin da ke kashe kare cikin gaggawa shi ne borin jini mai tsanani, irin wanda harbin zuma ko rina ko wata allura kan tayar: fuska da leɓe su kumbura, ya yi amai, dasashi ya yi fari, numfashi ya sarƙe. In an ga haka ba a jiran taron unguwa. Kwamanda bai kai nan ba.

Na ce an ce hauka ne. Ta nuna mini wata takarda a bango mai ɗauke da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya. Ta ce wannan ciwon a ƙwaƙwalwa yake, ba a fata ba: halin kare ya canja, yawu ya riƙa dalala, haɗiya ta gagara. Wanda kare ya ciza kuwa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 ya wuce asibiti. Ta buɗe littafin Kwamanda ta ga rigakafinsa bai ƙare ba. Ta tambaye ni nawa rigakafin. Na ce mu koma kan kare.

Daga nan ta shiga bincike. Ta taje gindin wutsiya da mataji mai ƙananan haƙora tana neman ƙuma, ta ce akwai karen da jikinsa ba ya shiri da yawun ƙuma, cizo kaɗan ya ishe shi susa har ya ji wa kansa ciwo. Ba ta samu ba. Ta kankari fatar kaɗan ta duba a madubin likita ko ƙazuwa ce, irin wadda ke iya kama mutum ma. Nan take na ji duk jikina ya ɗauki ƙaiƙayi. Ita ma babu. Ta matsa ƙurajen ko akwai tsutsar ƙudan nan da ke yin ƙwai a yashi, ta ce da damina tana yawan ciro su daga karnukan Lome. Babu.

“Me yake ci?”

Na ce shinkafa, nama, wani lokaci ragowar miya da tsire. Ta ajiye biro. Ta ce albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, a daina. Ta ce abinci ma kan jawo ƙaiƙayi, musamman naman sa da madara da kaza, amma shi ba dare ɗaya ake gane shi ba, sai an tsare kare a kan abinci iri guda kamar mako 8. Da na ambaci baƙin mai da farasitamol sai ta riƙe kai. Ta ce baƙin mai guba ne, kare zai lashe shi, ga shi yana ƙona fata, maganin ciwon jikin mutane kuma yana iya taɓa masa hanta ko ƙoda har ya mutu.

Sai ta yi abin da ba wanda ya yi a cikin likitocin Zango: ta sunkuya ta sansana cikin karen. Ta ɗago ta ce, “Jabel. Da sabulu mai turare. A ina yake kwana?”

Na kira yarinyar gida a waya. Ta rage murya ta ce tun da Alhaji ya tafi Hajiya ta sayo sabon garin sabulu a kasuwar Assigame, tana haɗa shi da ruwan jabel, wato bilic, ta kwarara a dandamalin safe da yamma, kuma ta hana a ɗauraye, wai don ya ratsa. Likita ta ce magana ta ƙare. Ko dai jabel ɗin ya ƙona fatar, ko jikinsa ya ƙi sabulun, shi ya sa jan ya tsaya daidai inda yake taɓa ƙasa. Aka yi masa wanka da ruwa mai yawa, aka yi masa allura, aka ba ni ƙwayoyi da kuɗin da zan biya. Ban taɓa kashe wa lafiyata rabin wannan ba.

Saura abu ɗaya: a sa masa kwalar roba a wuya don ya daina lasa. Nata duk sun yi masa kaɗan, ta ce a huda gindin bokiti a zura masa. Da muka koma na ba maigadi aikin. Ya shiga ya fito da bokiti ya yanke shi tsaf. Sai da aka ɗaura muka lura na Hajiya ne, wanda take haɗa jabel ɗin a ciki.

A daren nan Kwamanda ya yi haushi ta cikin bokiti, muryar ta fito har bakin titi. Da asuba aka riƙa tambaya a masallaci ko Alhaji ya kawo zakin ne.

Faɗa wa Hajiya sakamakon bincike kuwa ba aikin yaro ba ne. Na sake ɗauko Malam. Ya ce mata, cikin lallashi, wanki bakwai da ta ji ana faɗa na ƙwaryar da kare ya sa baki ne, ba na siminti ba, kuma dabbar da ka ɗaure haƙƙinta na wuyanka. Hajiya ta ce, “Allah gafarta Malam, ni na ce ya kwanta a wurin?” Da ƙyar ta yarda a riƙa ɗaurayewa da ruwa zalla a bari ya bushe, bisa sharaɗin a saya mata sabon bokiti. Kun san aljihun da aka nufa.

Kafin Kawu ya dawo jan ya washe. Ya duba Kwamanda ciki da baya, ya yi hamdala, sannan ya ɗaga kai ya ga rufin motar Yamai. Mai shayi ya rantse shi bai taɓa hawa mota ta sama ba. An cire kuɗin gyaran daga kamashona. Mahaifin yarinyar kuma ya aiko a kira ni. Na sha wanka na sa sabuwar shadda na je na durƙusa, sai ya ce ragonsa ne ke susa.

Don haka jama'a, wanda duk ya ga dabbarsa ta yi ja farat ɗaya, ya fara tambayar me ya canja a wurin kwananta, da abincinta, da abin da aka fesa ko aka wanke wurin da shi. Ya ɗauraye ta da ruwa mai tsabta, kada ya shafa mata komai, kada ya ba ta maganin mutane. In fuska ta kumbura ko numfashi ya canja, a nufi likitan dabbobi a lokacin. Baƙin mai kuwa a bar wa bakanike kayansa.