Masu Cinikin Biri a Sama

Tun zamanin da fatake ke ɗaura wa jakuna mangala su nufi Gwanja neman goro, Bahaushe bai taɓa jin tsoron nisan kasuwa ba. Sai dai a wancan lokaci mutum da ƙafarsa yake zuwa, a kwance masa huhu, ya ɓare goro ya ɗanɗana, sa'an nan ya kwance lalitarsa. Yau kuwa Allah ya kawo mu zamanin da mai kanti a Kantin Kwari zai zauna bisa dardumarsa ya ba wani mutum da ke Lahore, ko Bangalore, ko Manila, jingar rubuta masa manhajar lissafin kaya, alhali bai taɓa ganin fuskarsa ba, bai san mai unguwarsu ba, kuma in rigima ta tashi babu alƙalin da sammacinsa zai isa can. Malaman fiƙihu, in za su bayyana garari, sukan buga misali da sayar da tsuntsu a sama ko kifi a ruwa. Mu kuma muna da namu, cinikin biri a sama. Na daɗe ina zama kusa da ma'abota wannan ciniki, har na gane kowa da tafiyarsa.

Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne Sarkin Araha. Shi wannan bawan Allah, tun ranar da aka ba shi labarin Fiverr, kasuwar nan ta intanet da aka kafa a Isra'ila a 2010, wadda ta samo sunanta daga ayyukan dala biyar, bai sake samun barci ba. So yake a gina masa irin manhajar Jumia a kan kuɗin buhun shinkafa. Mutum ashirin za su taya aikin, sai ya tsallake duk wanda ya yi masa tambaya, domin a ganinsa yawan tambaya alamar rashin iyawa ce, ya zaɓi na can ƙasa wanda bai ce kome ba sai godiya. Abin ta'ajibi, shi ne fa mutumin da ba ya karɓar atamfa sai ya murza bakinta ya ga ko sitati ne ya cika ta, kuma ba ya wuni bai gaya wa mai saye cewa araha ba ta ado ba.

Ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya shi ne Alhaji Ka-Dai-Gane, wanda ya san abin da yake so sarai, illa dai sanin yana cikin ƙirjinsa, bai taɓa fitowa bisa takarda ba. Bayaninsa duka saƙon murya ne ta WhatsApp, minti tara, rabinsa gaisuwa da tambayar iyali, sauran rabin kuma Turanci da Hausa a cakuɗe. Yana zaton mutumin Lahore ya san bambancin dila da bandir, ya san kayan da ake ɗauka sai an sayar a biya, ya san kuma cewa turmin atamfa yadi shida ne. Shi kuwa wancan, da ya sa kalmar turmi a na'urar fassara, sai ta ba shi abin daka. Aka wayi gari manhajar Alhaji tana nuna turmi da taɓarya a gefen kowace shadda. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, Alhaji kuma ya haddace ta tun yana makarantar allo, amma yarjejeniyarsa ta dala dubu biyu ba ta wuce hoton babban yatsa a waya ba.

A tsallaken teku kuwa akwai Malam Babu-Matsala, wanda, don a yi adalci, ba wata ƙasa da ta keɓanta da shi, domin telolinmu na jajibirin Salla 'yan ɗarikarsa ne. Kome aka tambaye shi zai iya, cikin mako biyu. Da yake agogon Indiya ya riga namu da awa huɗu da rabi, na Filifin kuma da awa bakwai, kafin Alhaji ya dawo daga La'asar ya tuna da tambayarsa, malamin ya rufe kwamfuta, sai kowace tambaya ta ci kwana guda, amsarta kuma ta haifi wata. Yakan aiko hotuna masu ƙyalli na yadda manhajar za ta kasance, Alhaji ya yi ta nuna wa maƙwabta, ya manta cewa ganin Dala ba shiga birni ba ne. Aikin yakan kai kashi casa'in cikin ɗari a wata na farko, ya yi zamansa a nan har wata shida. In an matsa, sai ya yi alkawarin ƙara ma'aikata uku, abin da wani masani ɗan Amurka, Fred Brooks, ya bayyana tun 1975 cewa ƙara jinkiri yake yi, domin sai tsofaffin hannu sun ajiye aiki sun koya wa sababbi.

Sa'an nan ga Dillalin Dillalai, wanda ya karɓi aiki a dala dubu ya miƙa wa wani a ɗari biyar, wancan ya miƙa a ɗari biyu, har isnadin ya tuƙe a kan wani ɗalibi da ke jiran jarrabawa. Limaminsu a wannan fanni Ba'amurke ne, wanda masu binciken tsaro na kamfanin Verizon suka ba da labarinsa a 2013: ya ba wani kamfani a Shenyang ta ƙasar Sin aikinsa na ofis kacokan, yana biyansu wajen ɗaya bisa biyar na albashinsa, shi kuwa yana wuni yana kallon bidiyon kyanwoyi, ana ta yaba masa ƙwazo. A 2022 ma gwamnatin Amurka ta yi gargaɗi cewa akwai 'yan Koriya ta Arewa da ke karɓar irin wannan jinga da sunayen aro.

Amma duk waɗannan ɓarnarsu ƙarama ce in an gwada da Mai Makulli, domin shi yakan gama aikin, ya yi kyau, a yi ta sa masa albarka. Sai bayan shekara, ranar da Alhaji ya nemi ɗan gyara aka tsuga masa kuɗi ya ce zai koma wurin wani, a nan ne zai gane cewa asalin rubutun manhajar, wanda sai da shi ake iya canza ko da harafi guda, yana hannun wancan. Sunan shafin da sunansa aka yi rajista. Asusun Google Play na dala 25 da na Apple mai dala 99 a shekara duka nasa ne. Kalmar sirrin rumbun da ke ɗauke da sunayen abokan ciniki da basussukansu shi kaɗai ya san ta. A dokokin ƙasashe da yawa haƙƙin mallakar rubutu yana zama ga marubucinsa muddin bai sallama a rubuce ba, watau Alhaji ya yi gini mai bene a filin da ba shi da takardarsa. Ƙari a kan haka, dokar kare bayanan mutane da Nijeriya ta kafa a 2023 shi za ta tuhuma in sirrin jama'a ya fita, ba baƙon da ba a san ƙofar gidansa ba.

Mai Ɓacewa ba ya bukatar dogon sharhi, ko da yake ba duka ne maha'inta ba. Masu rubuta manhaja na Kharkiv da suka yi shiru a Fabrairun 2022, lokacin da yaƙi ya faɗa wa garinsu, suna da uzurin da kowane alƙali zai karɓa. Haka nan Mai Lissafi da Dalar Bara, wanda ya ƙulla ciniki a farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, wa'adin biyan ƙarshe ya riske shi a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wannan ba a yi masa dariya, sai dai jaje.

Daga ƙarshe akan kira Ɗan Gida, yaron unguwa mai jakar goyo, ya zo ya ceci abin da ya saura. Zai buɗe kwamfuta, ya yi shiru, ya girgiza kai irin na makanike da ya leƙa injin da wani ya taɓa, ya ce, «Ranka ya daɗe, wa ya yi maka wannan aiki?» Hukuncinsa ɗaya ne kullum: a rushe a faro daga tushe. Alhaji ya yi salati, ya ce ai gara na gida, ya ƙirga masa kafin alƙalami. Da dare yaron ya shiga Upwork, wata kasuwa irin Fiverr, ya sa cigiyar mai iya aikin, ya tsallake masu tambaya, ya zaɓi wani mai sauƙin kuɗi a Lahore, wanda ya amsa nan take cewa babu matsala, ya ma taɓa yin irinta, mai hoton turmi. A kanti kuwa yaron Alhaji yana nan yana rubuta bashi a tsohon littafin nan mai baƙin bango, da biro ɗaure da zare.