Zuwa Dajin Kainji Kamar Zuwa Gaida Surukai

Duk wanda ya taɓa zuwa gaida surukai ya riga ya san rabin ilimin ziyartar gandun daji. Ba a faɗa musu gida ba aike, ba a ɗaga murya a tsakar gidansu, kuma ba a fitowa da akuyarsu a kafaɗa. Mutumin Shanga ko Yawuri ko Ngaski da ke marmarin ganin namun dawa yana da irin wannan babban gida kusa da shi, wato gandun dajin Tafkin Kainji, wanda aka kafa a 1979 bayan haɗa tsohon gandun Borgu da na Zugurma. Shi ne na farko a irinsa a Najeriya, faɗinsa kuma ya haura murabba'in kilomita 5,300. Shawarata guda ce: ka je da kunya irin ta sabon ango, domin a can kai ne baƙo, ba gwanki ba, ba dorina ba.

Da farko, aike. Ofishin gandun yana Sabuwar Bussa, kuma kafin ka wanke takalmi ka ji daga bakin ma'aikatansa ko hanya a buɗe take. Wannan ba maganar wasa ba ce. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun kafa sansani a wasu sassan dajin, kuma mutanen ƙasar Yawuri ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da hakan ke nufi, tun da a kan idonsu aka kwashe ɗalibai daga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021. In ma'aikata suka ce a dakata, sai ka mayar da jakarka ƙarƙashin gado da zuciya ɗaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abokinka da ya ce ya san wata ɓarauniyar hanya ta bayan gari, ka saya masa shayi ka bar shi yana ba da labari, amma kada ka bi shi ko nan da can.

In an ce bismillah, saura lokaci. Rani ne lokacin zuwa, daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta kwanta, ƙananan tafkuna suka ƙafe, dabbobi kuma suka koma shan ruwa a bakin kogin Oli da ya ratsa ɓangaren Borgu. A nan ake sa ran ganin maraya da kanki da gadu da birai, ga kada yana shan hantsi. Wanda ya je da damina zai ga ciyawa mai kyau ƙwarai, wadda ta fi shi tsayi, zai kuma san sunan kowane mai tura mota a hanyar. Tufafi ma abin lura ne. Shuɗiyar shadda da ke ɗaukar ido a ɗaurin aure tana ɗaukar idon tsando ma, domin an tabbatar ƙudan nan yana bin launin shuɗi da baƙi. Ka sa kaya ruwan ƙasa masu dogon hannu, ka bar turare a gida, ka kashe waƙar da ke cikin waya. Gwanki bai aiko a kawo masa kiɗa ba.

Wanda zai tsallaka ta ruwa, ko daga Zamare zuwa Rofiya ko ta wata mashiga, ya ƙirga kawunan da ke cikin jirgi kafin ya ƙara nasa, ya sa rigar kariya, kada kuma ya yarda da tafiyar dare. Na san amsar da ake bayarwa a bakin ruwa: mu a nan aka haife mu, kakanninmu ba su san wata riga ba. Sai dai ruwan kakanni kogi ne, wannan kuwa tafki ne da aka tare a 1968, da igiyarsa da iskarsa da kututturan itatuwa a ƙarƙashinsa. A watan Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse kusa da Warra a Ngaski, kaɗan ne suka fita, kuma a cikin waɗanda aka rasa akwai 'ya'yan bakin ruwa. Tawakkali bai hana shiri ba. Haka nan dorina: manoman shinkafa na Yawuri sun san ɓarnarta, masunta sun san fushinta. Jikin nan nata kada ya ruɗe ka, a tudu ma ta fi ka gudu, kuma babu hoton da ya kai ka shiga tsakaninta da ruwa.

Akwai ƙorafin da ya fi na bakin ruwa nauyi, kuma ya cancanci amsa. Wani zai ce, ta yaya zan zama baƙo a dajin da kakana ya yi farauta? Gaskiya ne an biya farashi. Dubban mutane aka tayar daga gungunansu da garuruwansu lokacin da ruwa ya hau, Gungawa suka bar tsibiran da suka gada, tsohuwar Bussa ta nutse, daga baya aka shata iyaka aka ce da maharbi da makiyayi su tsaya waje. Wanda ya ce wannan ba ciwo ba ne bai yi adalci ba. Amma mu duba abin da ke faruwa idan daji ya rasa masu tsaronsa da masu ziyartarsa: ba ya komawa hannun jikan maharbi, hannun mai bindiga da mai injin yanke itace yake faɗawa, ƙauyukan gefensa kuma su ne ke fara ɗanɗana kuɗarsu. Saboda haka kuɗin shiga da ka biya a ƙofa ka karɓi rasit, da ladan ɗan rakiya, da abincin da ka saya a Wawa ko Ibbi, su ne ke sa maƙwabcin daji ya ga dalilin barin maraya da ranta. Kada ka yi ciniki da ɗan rakiya kamar kana sayen tsohon keke.

A ciki, ka bi bayan mai rakiya, ka mayar da ledar ruwanka aljihu, kada ka jefar da guntun taba a busasshiyar ciyawa, kada ka miƙa wa biri biskit, domin birin da ya saba da hannu gobe jaka zai fizga. Tsaraba kuwa, duk wanda ya tare ka da naman daji a hanya ka gaishe shi ka wuce. Sayenka ne ke sa a ɗana tarkon gobe. Ga albasar Yawuri, ga bandar kifi, uwargida ba za ta tambayi ina gwanki ba.

Mai son tsauni da sanyi, ko wanda aka ce masa Kainji a rufe yake, yana iya dosar Gashaka-Gumti da ke Taraba da Adamawa, inda dutsen Chappal Waddi ya kai mita 2,419, mafi tsayi a ƙasar nan. Can ma sai an fara neman izini a ofishinsu na Serti, kuma mutumin da ya saba da zafin Shanga ya tafi da bargo biyu.