Salansa Ba Ta Rufa wa Maigidanta Asiri

Duk wanda ya taɓa kwana a Dogon Dutsi kusa da kwaltar da ta taso daga Yamai ta nufi Birnin Ƙonni ya san ƙara iri biyu ke ratsa dare. Akwai ta manyan motocin kaya, wadda mutum ke yafe wa, domin nauyin da ke kansu ya isa hujja. Akwai kuma wata da ta fi ta amo, mai tayar da karnukan unguwa uku, ta je ta bugi dutse ta dawo. In ka leƙa don ka ga wace jibgegiyar mota ce haka, sai ka tarar yaro ne ɗaya tilo, siriri, da silifas, a kan babur ƙirar Kasea ko Haojue, an aike shi sayen sukarin shayi. Ni ban zo yi wa wannan yaro faɗa ba. Uwarsa ta yi ta gaji, liman ya yi, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su ma ta yi nata, har da waɗansu kalmomin da ba sa rubutuwa. Na zo ne in taya shi lissafi, domin ina ganin an cuce shi kuma shi ya biya kuɗin cutar. A ganina fasa salansa ciniki ne da mutum ke ba da kuɗi a rage masa abin da yake da shi, kuma babbar asarar da ke ciki, wadda ta fi ta barcin maƙwabta, ita ce ta asirin mai babur ɗin.

Bari mu fara da abin da ake yi wa ƙarfen. Cikin salansa ba fanko ba ne. Akwai ɗakuna-ɗakuna da faifan ƙarfe ya raba, da bututu mai huda-huda. Duk lokacin da mai ya kama wuta a cikin inji, bawul na buɗewa, iska mai zafi ta fito da ƙarfi. Injin da ke juyi 6,000 a minti ɗaya yana yin wannan fashewa sau 50 a daƙiƙa guda, kuma aikin ɗakunan nan shi ne su yi ta wasa da iskar, su buga ta nan su buga ta can, har ta gaji ta fito da ladabi. To wannan ladabin ne saurayi ke kai wa mai walda ya cire. Mai walda kuwa ba ya gardama da abincinsa. Zai ɗaga baƙin tabarau zuwa goshi, ya ƙwanƙwasa salansa da sifana, ya ce, «Samari, yaya kake so ta yi, gurnani ko tsawa?» Sai ya yanke gindinta, ya zaro kayan ciki, ya liƙe. Wanda aljihunsa bai kai nan ba kuma yakan samo dogon rodi da guduma, ya zura ta baki ya yi ta duka har sai ya ji ya ɓulla. Abin lura shi ne mai walda mai wayo ba ya jefar da abin da ya zaro. Yakan tura shi ƙarƙashin benci da ƙafa, domin ya san mai shi zai dawo.

Hujjar farko da za a kawo mini ita ce gudu: wai in an buɗe wa inji hanci yana ƙara ƙarfi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin baburan tsere suna da buɗaɗɗiyar salansa. Sai dai su an sake musu saitin mai gaba ɗaya, kuma ribar tana zuwa ne can a ƙololuwar juyin inji, inda babur ɗin kai hatsi kasuwa ba ya zuwa. Kamfani yakan daidaita kafireta da salansar da ya ɗaura ne. In ka fasa ɗaya ka bar ɗaya, sai iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, inji ya riƙa zafi, fulogi ya yi fari fat, bawul ya fara cinyewa a hankali. Wannan «tas-tas-tas» da ake ji in an saki totur, wanda ƴan fadar samari ke yi wa tafi, ragowar mai ne ke ƙonewa a cikin bututu bayan ya tsere wa aikinsa. Sannan abin da aka fi rasawa shi ne ƙarfin ja a ƙaramar giya, alhali shi ne abin da ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, ke tambaya: da zarar ka sauka daga kwalta ka shiga rairayin Dallol Mawri, ka nufi wajen Lugu ko Bagaji, yashi ba ya jin tsoron ƙara. Injin 125 ƙarfin doki goma ne ko abin da ya yi kusa, kafin walda da bayanta. Kunne ne kawai ke gaya wa mai shi yana tashi sama, kuma tun da allurar gudu ta yawancin baburan ta daɗe da mutuwa, babu shaidan da zai ƙaryata. Ga kuma mai: tun da Najeriya ta janye tallafi a watan Mayun 2023 man ƴan ruwa-ruwa ya daina zama na banza, kuma ko da gwamnatin Nijar ta sauke lita daga sefa 540 zuwa 499 a watan Yulin 2024, ba ta sauke don a ƙona shi a tsaye a bakin fada ba. Garin neman gira ke nan.

Hujja ta biyu ta fi ta farko kama da hankali. Ana cewa ƙara tana tsare rai, tun da mutane za su ji ka su kauce. Da bakin salansa gaba yake kallo da na sallama. Amma baya yake kallo, wajen waɗanda ka riga ka wuce lafiya. Direban da ke gabanka, gilashi a rufe, rediyo a kunne, sai ka zo daidai kafaɗarsa yake jin ka, ihu bayan hari. Abin da aka ƙera don gargaɗin na gaba shi ne oda, tana nan ƙarƙashin babban yatsanka, ba ta shan mai. Waɗanda ke jin ƙarar tun daga nesa kuwa su ne waɗanda bai kamata a firgita ba: shanun da ke jan amalanken gero, jakin da yaro ke kai, raƙumin da bai taɓa amincewa da zamani ba. Kuma kunnen da ya fi kowanne kusa da bututun nan shi ne na mahayin. Masana lafiyar kunne sun ƙayyade cewa ƙara mai ma'aunin desibel 85 mutum na iya zama cikinta awa 8 a yini, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, ta yadda a 100, inda fasasshiyar salansa ke iya kai wa, minti 15 ne kawai. Ƴan ƙananan gasun da ke cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa. Saboda haka saurayin da ke son duniya ta ji shi yana shirya ranar da shi ba zai ji duniya ba, yana ɗan shekara talatin ana gaishe shi yana cewa «Mi ka ce?»

Amma mu bar zagaye-zagaye. Babu wanda ya fasa salansa don gudu ko don tsaro. An fasa ta ne don a san mutum ya iso, kuma wannan buƙata ba zan raina ta ba, domin ta girmi babur. Sarki na da tambari da kakaki, attajiri na da maroƙa, ɗan kokawa ba ya shiga fili sai ya yi kirari. Ba mu kaɗai ba ne ma: kamfanin Harley-Davidson na Amurka ya nemi hukuma a 1994 ta yi masa rajistar ƙarar injinsa a matsayin mallakarsa, ya yi ta fama da kamfanonin da suka ƙi yarda, har ya haƙura a 2000. Don haka yaron da ba shi da kakaki ba shi da maroƙi, in ya ɗaura wa kansa zabiyar ƙarfe a gefen ƙafa, na fahimce shi. Matsalar ita ce ya ɗauki zabiyar da ba a yi wa tarbiyya ba. Ta gaskiya tana faɗin sunan ubanka da na kakanka, tana ƙara maka gonakin da ba ka da su, in aka zo gidan ta'aziyya ta kama bakinta, in an tayar da salla ta dakata, in ka yi mata ido ta gane yau ba ranar a san kana nan ba ce. Ta ƙarfen kuwa guɗa ɗaya gare ta ga biki da jana'iza, ba ta san sunan kowa ba, kuma abu ɗaya take faɗa wa gari: ga shi nan, ga inda ya nufa.

A nan ne lissafin ke rushewa, domin rayuwar saurayi rabinta sirri ne. Ya ce wa mahaifinsa zai je ban ruwan dankali a garka, sai ga ƙararsa ta nufi gabas alhali garkar na yamma, kuma tsohon yana zaune a zaure yana bin ta da kunne har inda ta mutu. Mai shagon da ke bin sa bashi ba ya buƙatar aike, yana jin amon ya fito ya tsaya a bakin hanya. In yana neman ƴammata biyu, kowacce ta san ƙarfe nawa ya isa gidan ɗayar da ƙarfe nawa ya tashi, ba tare da an ɓata kuɗin waya ba. Sai kuma ka dube shi daren da zai je zance gidan mutunci. Tun daga bakin unguwa zai kashe inji, ya sauko, ya kama tura babur cikin yashi, shaddar da ya kai wa mai guga ta jiƙe sharkaf, turaren ya koma wani abu dabam. Mutumin da ya biya kuɗi don a ji shi, ga shi yana sanɗa kamar mai satar kaji. Hira ta yi daɗi, dare ya raba, dole a tafi, ga kunyar a ga ya sake turawa a gaban budurwa. Sai ya taka. Jariri ya tsala ihu, tumaki su tsinke igiya, maigida ya farka yana salati yana tambayar abin da ya faɗo. Daga ɗaka uwar yarinya ta ce, «Malam, kwantar da hankalinka, surukinka ne zai tafi.» Malam ya ce, «Surukin wa?» Daga wannan tambaya har a fasa magana ba nisa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Saura masu cewa babur nasu ne, kuɗi nasu ne, kuma ai injin niƙa da lasifikar biki ma suna damun mutane. Gaskiya ne suna damu, amma injin niƙa in ya gama ihunsa ana kwasar gari, biki kuma yana ƙarewa. Babur naka ne, iskar da ƙarar ke bi ta kowa ce, kuma Allah bai yi wa kunne murfi ba. A Paris, cibiyar Bruitparif mai auna hayaniya ta ƙiyasta cewa babur ɗaya mai fasasshiyar salansa in ya ratsa birnin da dare yana iya tayar da mutum 10,000, kuma a 2022 aka fara gwada na'urorin da ke jin ƙarar su ɗauki lambar mai ita. Su barci kawai suke karewa. A wajenmu abin ya fi haka nauyi, kuma a nan dariya ke ɗan tsayawa. Arewa na iyaka da jihohin Kebbi da Sakkwato, kuma akwai ƙauyukan da rugugin babur da tsakar dare ke sa uwa ta laluba ƴaƴanta cikin duhu. An hana hawa babur a Diffa a 2015, an hana a sassan Tilaberi a farkon 2020, Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, duk saboda tsaro. Hukuma in ta gaji ba ta tsayawa tantance mai ladabi da marar ladabi. Wanda zai sha wuya shi ne ɗan kabu-kabun Tibiri ko Kore Mairuwa da ke ciyar da gida da babur, da mai naƙudar da ba ta da wata motar zuwa likita sai shi. Bai kamata a riƙa tsokanar wannan haƙuri don nishaɗin yamma ba.

To mene ne magani? Ba na sa rai ga jandarma. Tara ba ta hana abin da aka yi don suna, sai ma ta ƙara masa gishiri, yaro ya dawo fada yana nuna takarda kamar ya ci jarrabawa. Kowace haja tana mutuwa ne ranar da masu saye suka juya baya, kuma masu sayen wannan ƙara, ko waɗanda ake zaton suna saye, ƴammata ne. Shawarata ga iyayensu mai sauƙi ce. In an zo binciken mai neman aure, bayan an tambayi asalinsa da sana'arsa da sallarsa, a ƙara abu ɗaya: ya zo da babur ɗinsa ƙofar gida da rana tsaka, ya tayar a gaban waliyyi. In kaji sun ci gaba da kiwonsu, a karɓi goro. In sun watse, kada a yi masa wulaƙanci, a ce ya je ya dawo. Ya san hanya, mai walda ma ya san shi, kayan cikin salansarsa na nan ƙarƙashin benci, kuma kuɗin mayarwa ya fi na cirewa.