Motar Lantarki da Lissafin Dokin Rano

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da aka ce tallafin mai ya tafi, kowane magidanci a ƙasar nan ya koma akawu. Litar fetur da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta taka 1,000 ta wuce. Mutumin da rabonsa da biro tun yana makaranta, sai ka gan shi a majalisa yana auna nawa zai ƙona in ya je gaisuwar mutuwa Hotoro, nawa zai tsira da shi in ya yi ta'aziyyar ta waya. Zumunci kansa sai an duba allurar tanki.

To ni Allah ya yi ni da son lissafi, ya kuma jarrabe ni da yarda da lissafin nawa. Wata rana na sami takarda na zauna. Tsohuwar motata tana shan kusan lita 8 a tafiyar kilomita 100 cikin gari, naira 8,000 ke nan. Ƙaramar motar lantarki kuwa yunit 10 na wuta ya ishe ta wannan tafiyar. Ko da farashin da aka ɗora wa masu amfani da wuta 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, wato naira 225 kowane yunit, kuɗin bai wuce 2,250 ba. Ba baƙin mai, ba fulogi, ba salansa, ba lagireton da zai tafasa a cunkoson Kurna. Na ja layi biyu a ƙarƙashin amsa, na kai wa uwargida.

Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ce, "Baban yara, a wane gidan za a samo wutar?"

Na ce mata wannan maganar ba ta cikin lissafi. Kuma gaskiya na faɗa, ba ta ciki.

Irin waɗannan 'yan ƙananan motoci daga ƙasar Sin suke fitowa. Wadda ta buɗe musu kasuwa ita ce Wuling Hongguang Mini, da aka fitar a 2020 a kan yuwan 28,800. Tsawonta bai cika mita uku ba, gudunta ba ya wuce kilomita 100 a awa, kuma da soket ɗin gida ake yi mata caji. Mai ƙaramin batir an ce tana cin kilomita 120, mai babba 170. Mutanen Sin suka yi mata rubdugu, sauran kamfanoni suka ga kasuwa ta buɗe, kowa ya ƙero tasa. Tawa ɗaya ce daga cikin waɗannan 'yan bin sahu. Sunanta ko dillalin da ya sayar mini bai iya faɗa ba, ya dai rantse mini cewa 170 ɗin nan ita ma tana yi. Na sayar da tsohuwar motata, na ɗora kuɗin adashe, na cika da bashi.

Ranar da na shigo da ita layinmu, taubashina ne ya fara tarbata. Ya zagaya ta, zagayen da bai ɗauke shi wani lokaci ba, ya ce, "Ɗan'uwa, biya kake kaɗan-kaɗan ne? Yaushe za a aiko da sauran motar?"

Ban kula shi ba. Amma tsakani da Allah, wanda ya zo neman ƙwari zai koma da hujja. In ka rufe ƙofa ƙarar da za ka ji irin ta gwangwanin madara ce. Tayoyin ƙanana ne, kayan ƙafar kuma ba sa ɓoye maka komai: duk ramin da ke tsakanin Kabuga da Gwammaja sai sun sanar da ƙugunka. Babu jakar iskar nan da ke tare mutum in an yi karo. Kujerar baya an ce ta mutum biyu ce, ba a dai faɗi shekarunsu ba. Araha ba ta ado, wannan na sani tun kafin in biya.

Sai dai a cikin gari, wallahi, ta fitar da ni kunya. Motar fetur a cunkoso take yin asara, inji na ta kaɗawa kana tsaye kana ƙona kuɗi. Ita kuwa wannan in ta tsaya, ta tsaya, ba ta cin komai. In ka ɗaga ƙafa daga totur ma, gudun da ta tara sai ya juya ya koma batir. Ga ta da tashi: danja na ba da hannu, kafin mai jibgegiyar mota ya sa giya na tsallake. Ga shiru, har ya yi yawa. Akuya ba ta jin zuwana, mai tura baro ba ya ji, sai da na koma danna hon fiye da direban tasha. Babban daɗin shi ne wucewa ta gaban gidan mai. Nakan rage gudu, in sauke gilashi, in ɗaga wa mutanen layi hannu. Wasu na ɗauka gaisuwa ce.

Nan da nan na zama malami a majalisa. Ni ne mai ba da labarin Jelani Aliyu, Basakkwacen da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, wanda a zamaninsa na shugabancin hukumar ƙera motoci aka buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. Ni ne mai ba da labarin Mustapha Gajibo na Maiduguri, mai mayar da ƙananan bas-bas su koma na lantarki. Nakan rufe da cewa duniya ta ci gaba, mai son ya tsaya a layin fetur ya tsaya. Har shayi aka daina ba ni da daɗin rai.

Ana cikin haka Oktoban 2024 ya zo. Manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, aka shafe fiye da mako jihohi da dama suna cikin duhu. Duniyar da ta ci gaba sai ta yi fakin a ƙofar gidana, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Ni kuwa na koma a-daidaita-sahu, mai shan fetur, ina janyo hula kan goshi duk lokacin da za mu wuce majalisa.

Da wuta ta dawo, sai na fara karatun da ake yi kafin sayen mota. Ashe 'yan rukunin A, waɗanda na yi lissafi da farashinsu, su ne aka yi wa alkawarin awa 20 a rana. Daga nan abin ke sauka: B awa 16, C 12, D 8, E 4. Layinmu ba a taɓa gaya mana harafinsa ba, mun dai san yana can wajen ƙarshe. Motar kuma kafin ta ƙoshi tana son kusan awa tara a jere. Wutarmu ba ta san jere ba. Takan zo tsakar dare, ta gaisa, ta koma. Wani lokaci ta zo ba ƙarfi, cajar ta ƙi karɓa. Na koma kwana da fitila a kunne don ta tashe ni. Da ta haska zan zabura ba takalmi, uwargida ma ta zabura, domin firizar ƙanƙararta da motata ba sa zama a layi ɗaya, in an haɗa su fis ke ƙonewa. Shekarun da muka yi ban taɓa yi mata kishiya ba, sai ga shi muna rabon kwana a kan soket.

Na ce to, ai akwai janareta. Ƙaramin ya ƙi ɗauka, na aro babba. A daren ne uwargida ta ɗauko takardar nan tawa, ta juya bayanta, ta nemi aron birona. Ta ce injin nan yana shan kusan lita ɗaya a awa, cajar kuma yunit ɗaya da rabi take ja a awa. Kafin a tara yunit 10, an yi kusan awa bakwai, an ƙona kusan lita 7. Ita ma ta ja layi biyu.

"Wato, Baban yara, mun sayar da mai shan lita 8, mun ci bashi mun sayo mai shan 7. Sai dai ita waccan ba ta hana maƙwabta barci."

Na ce mata lita ɗaya ma ragi ne.

Babbar jarrabawa ta zo da bazara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Aka sa ɗaurin auren wani ɗan'uwa a Kazaure. Tafiyar kimanin kilomita 80 ce, zuwa da dawowa 160. Motata 170. Saura goma, ribar ƙafa. Na yi wa Kawu tayi, taubashina ya gayyaci kansa. Kawu mutum ne da Allah ya yi wa jiki, ga babbar riga ta sha sitaci, sai da muka shigar da shi kashi-kashi.

Abin da dillali bai faɗa ba shi ne yadda ake samo wannan 170. A wurin gwaji ake auna ta, cikin yanayi mai daɗi, da gudu irin na cikin gari, ba a kunna esi ba, ba Kawu a ciki. A babban titi kuwa iska ce abokiyar gaba, in ka ninka gudu turjiyarta ninki huɗu take yi. Sanyin esi kuma daga batir ɗin da ke juya taya ake ɗibarsa. Duk abin da ya sa ta yi fice a cikin gari, a hanyar Dambatta babu shi. Muna shiga Kazaure na saci kallon allo, na ga abin da ya rage bai kai rabi ba.

A gidan biki babu wuta. Na bi gida-gida da waya a naɗe a kafaɗa, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko ni ne mai gyaran fanka. Kawu ya ce, "Ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya." Na ce gorar a fafe take, hanyar ce ta ƙaru.

A dawowa na kashe esi, na kashe rediyo, na sauko da gudu zuwa 40. Manyan motoci suka wuce mu. Mai babur ɗauke da rago ya wuce mu, ragon har da waiwaye. Kawu ya cire hula yana fifita, yana salati a hankali. Muna hango Dawanau ta yi wani ɗan kuka, ta tsaya.

Da motar fetur ce, yaro za a ba galan ya je wajen 'yan bumburutu. Taubashina ya san haka sarai, shi ya sa ya fito ya gyara tsayuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, wutar lita nawa za a sayo?" Muka tura ta zuwa rumfar wani mai cajin waya. Yaron ya dubi motar, ya tambayi girman batir, ya danna wayarsa, ya ce cikinta zai ɗauki abin da waya fiye da 700 za su ci, kuma shi kowace waya da kuɗinta. Wani mai walda ne ya ji tausayinmu ya jona mu a injinsa. Muka zauna a benci har bayan isha'i, muna sayen kilomita da awa. Kawu bai jira ba. Da zai hau motar haya ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma in ka ji na rasu, ka hau ta haya. A wannan sai an yi sadakar uku ba ka iso ba."

Washegari na kai ta wajen bakanikena don ya duba ko akwai abin da ya taɓu. Ya buɗe gaba, ya daɗe yana kallo, ya rufe a hankali. Ya ce, "Alhaji, wannan ba tamu ba ce. Ka gwada masu gyaran waya na Farm Centre." Daga baya wani mai a-daidaita-sahu ya tafi da madubin gefe. Na karaɗe Ƙofar Ruwa, inda ake cewa ba abin motar da ba a samu, kowa ya juya guntun madubin ya miƙo mini. Yanzu na babur ne a jiki, kuma yana aiki. Abin da ke hana ni barci shi ne batir, don shi ne mafi tsada a jikinta, zafi kuma yana tsufar da shi da wuri. Saboda haka ita ke kwana a rumfa, ita ke wuni a inuwar darbejiya. Duk wanda ya zo taya ta, tambayarsa ta farko saura shekara nawa batir ya mutu.

Taubashina ya raɗa wa takardata suna lissafin dokin Rano, har yara sun ɗauka. Ni dai har gobe ina nan a kan cewa babu lambar da ta kauce a ciki. Ƙwarin motar daidai kuɗinta ne, ba ta yi alkawarin abin da ya fi haka ba. Tattalinta a cikin gari gaskiya ne, duk ranar da ta sami wutar mita, kusan rubu'in kuɗin fetur nake kashewa. Mai zirga-zirgar gida, ofis da makarantar yara, wanda ke kan layi mai wuta, ko yake da faifan sola na kilowat biyu zuwa uku a rufinsa kuma motar na wuni a gida, wannan zai ci riba har ya gode mini. Amma kuɗin solar nan a zuba shi cikin kuɗin motar tun farko, a ga ko har yanzu sunanta mai araha.

Don haka, mai karatu, kafin ka tambayi dillali nawa ce, ka sami littafi ka yi wata guda kana rubuta lokacin da aka kawo wuta a gidanku da lokacin da aka ɗauke. Ka tambayi inda ake sayar da madubinta da wanda ya iya buɗe batir ɗinta. Kilomitar da aka rubuta a takarda ka zubar da sulusinta kafin ka yi wa wani tayin tafiya. In duk ka yi wannan lissafin ya fita, saya, ba za ka yi da-na-sani ba. In kuma kana rukunin A, neme ni: akwai wata a hannu, ba ta sha wahala ba, yawancin rayuwarta a tsaye ta yi shi.