Zuwa ga Maɓallin Tirim na Cessna 172

Malam Maɓalli,

Da fatan kana zaune lafiya a ƙahon hagu na sitiyari, ko da yake lafiyar taka ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Aikinka bai taka kara ya karya ba. Matuƙi ya danna ka da babban yatsa, ka tura wuta zuwa ɗan moton da ke jan igiya, ɗan fiffiken da ke bayan wutsiya ya karkata, hancin jirgi ya tsaya inda ake so, hannun matuƙi ya huta. Shi ke nan. Tun 1956 da wannan samfurin jirgi ya shiga kasuwa, wilin da ake murzawa da hannu shi ke wannan aiki, bai taɓa neman ko bolt ɗaya ba. Kai daga baya ka zo, amma ka fi kowa rigima.

Ƙarar da aka shigar a kanka ita ce: a sama kana kai hanci ƙasa amma ka ƙi ɗaga shi, wani lokaci kuma ka yi gum gaba ɗaya. Da an shigo da kai hanga, makaniki ya danna, sai ka yi aiki sumul, har matuƙi ya fara rantse-rantse a gaban mutane. Wannan munafunci ne, Malam.

Mun san yadda aka ƙera ka. Tagwaye ne kai, Hassan da Hussaini: ɗaya mai ba da izini, ɗaya mai zaɓar sama ko ƙasa, kuma sai an danna su tare moto zai juya. Dalili kuwa mai nauyi ne. In ɗaya ya maƙale shi kaɗai, bai isa ya ja tirim har ƙarshe ba, wanda in ya faru zai bar matuƙi yana kokawa da sitiyari da iya ƙarfinsa. Shi ya sa kafin tashi ake danna kowannenku shi kaɗai, a ga wili bai motsa ba. Kuma shi ya sa aka zaunar da wani jan maɓalli kusa da kai: ka yi gardama a riƙe shi, a zare birekarka mai katse wuta, a koma ga wili.

Ga yadda binciken zai tafi. Za a fara da bireka, a auna ko bolt 28 na isowa, a duba wayar ƙasa da fulogin moto. Sannan a sa maka mita a kowace ƙafa, a ji ko ƙurar hunturu da gumin yatsu sun ɓata maka baki. Ana cikin danna ka kuma za a riƙa jan sitiyari gaba da baya har iyaka, domin siraran wayoyin da ke bi ta cikinsa kan karye a cikin rigarsu, waje lafiya lau, ciki a tsinke. In su ne, ka kuɓuta. Kada dai ka fara murna tukuna.

Kafin nan an zare birekarka an ɗaure, an liƙa takarda cewa ba ka aiki, an rubuta a littafin jirgi. Magajinka kuma, ƙarami kamarka amma da tsadar da ke sa mai jirgi salati, an riga an tambayi farashinsa.

Naka,
Makanikin da ke riƙe da mita